Daga “reactive” zuwa warkewa: fashin baƙi kan ciwon hanta nau'in C a asibitocin Kumasi

Da yawa daga cikin mutanen Zongo da aka taɓa gaya wa suna da ciwon hanta nau'in C, ba rashin lafiya ce ta kai su asibiti ba. Jini suka je bayarwa. Mace ta zubar da jini wurin haihuwa, ko yaro mai sikila ya ɗashe fat, likita ya ce a kawo masu ba da leda biyu. Sai a tattaro samari daga Aboabo ko Sawaba, a cika tasi zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda duk Kumasi ke kira Gee. A soki yatsa, a ɗiga jini a ramin wani ɗan faifan roba, a ƙara ɗigon ruwan gwaji, a jira kamar minti 15 zuwa 20. Idan layi ɗaya ya fito, shi ke nan. Idan biyu suka fito, ma'aikacin zai ja mutum gefe ya ce masa jininsa ba zai yi ba, ya je ya ga likita. A takarda kuma a rubuta kalma ɗaya da Turanci: “reactive”.

Saurayin nan lafiyarsa ƙalau, jiya ma yini ya yi yana dakon kaya a kasuwar Kejetia. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu, galibi daga nan zancen ya mutu. Amma ya riga ya shiga littafi. A ƙarshen shekara za a haɗa shi da wasu a ce kashi kaza na waɗanda aka gwada suna ɗauke da cutar. Kafin a karɓi irin wannan adadi sai an yi masa tambaya biyu: su wa aka gwada, kuma da me aka gwada su?

Su wa aka gwada

Asibiti ba gari ba ne. Wanda ya tsaya a bakin mayanka yana ƙidaya shanu bai ƙidaya garken ƙasar ba. A cikin asibiti guda ana iya fitar da adadi uku ko huɗu masu saɓa wa juna, kuma kowanne gaskiya ne a muhallinsa.

Littafin ɗakin ajiyar jini yana rage adadin. Masu ba da jini yawancinsu samari ne majiya ƙarfi, an riga an tace su da tambayoyi da awon nauyi da na yawan jini, wanda aka taɓa kora kuma ba ya dawowa. Littafin ɗakin gwaje-gwaje kuwa kumbura adadin yake yi, domin likita ba ya rubuta wannan gwajin sai ya ga dalili: ido ya yi ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura, ko awon hanta ya hau. Sannan ga marasa lafiyar da jinin wasu ko allura suka yi ta ratsa jikinsu shekara da shekaru, wato masu wankin ƙoda, masu sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, da masu ɗauke da HIV. A cikin waɗannan ana sa ran adadin ya ɗara na sauran jama'a a kowace ƙasa.

Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan Ghana daban-daban, ya ƙiyasta kusan kashi 3 cikin 100. Wannan matsakaici ne, kuma matsakaici yana ɓoye abin da ya fi shafar mu. Cutar ba ta bazu daidai-wa-daida a ƙasar ba, ta fi yawa a arewa. Binciken da aka yi kan masu ba da jini a Komfo Anokye, aka wallafa a 2015, ya gano cewa waɗanda asalinsu daga yankunan arewacin Ghana ne sun fi shiga haɗari, ya kuma danganta kamuwa da kaciyar gargajiya, da haihuwa a gida, da tsagar fuska, da samun ciwon hanta nau'in B a tare. Duk wanda ya san Zongo ya san wannan jerin kamar a kanmu aka rubuta shi. Saboda haka asibitin da ke karɓar mutanen Asawase da Aboabo da Tafo ba lallai ne alƙalumansa su yi daidai da na wani asibiti a gefen Accra ba.

Abu guda kuma da ya kamata a sani: ƙwayar cutar ba baƙuwa ba ce a nan. Tana da nau'o'i da masana suka ba lamba, a Turai da Amurka na 1 ya fi yawa, a Masar na 4. A Ghana na 2 ne ya yi rinjaye, kuma binciken da aka yi kan jinin da aka tara a Kumasi, aka wallafa a 2003, ya same shi da rassa iri-iri masu yawan gaske. Ƙwayar cuta ba ta yin rassa haka sai ta daɗe tana yawo cikin al'umma, tun kafin zuwan sirinji da ledar jini. Sai a 1989 ne masana suka gano ta suka raɗa mata suna. Kafin nan likitoci ciwon hantar da ba A ba kuma ba B ba suke kiranta. Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice sun karɓi kyautar Nobel a 2020 saboda wannan aikin.

Da me aka gwada

Nan ne gizo ke saƙa. Ɗan faifan nan na minti 15 ba ƙwayar cutar yake gani ba, antibodi yake gani, wato makaman da jiki ya ƙera lokacin da cutar ta shigo. Sawun ɓarawo ne a tsakar gida. Yana nuna an shigo, bai nuna ko ɓarawon yana ɗaki har yanzu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu jikinsu yana kore cutar da kansa cikin wata shida, ba tare da magani ba, amma sawun yana nan har ƙarshen rayuwa. A binciken Kumasi na 2003 kusan rabin waɗanda aka tabbatar suna da antibodi ba a sami ƙwayar a jininsu ba. Na 2015 kuwa ya nuna cewa idan antibodin ya fito da ƙarfi sosai, mafi yawansu ƙwayar tana nan. Abin da za a ɗauka daga biyun shi ne ba a yin canki-canka da mutum ɗaya.

Bayan haka akwai layin ƙarya. A Afirka ta Yamma an daɗe da lura cewa gwajin antibodi yakan nuna akwai alhali babu, ana kuma zargin wasu cututtukan da jikinmu ya saba yaƙi da su ne ke rikita shi. Faifan da ya kwana a shago mai zafi, ko wanda wa'adinsa ya wuce, ko wanda aka bari ya yi awa guda kafin a duba, duk suna iya fitar da layi mai dishi-dishi. Yawancinsu an rubuta a jikin kwalin kada zafi ya wuce digiri 30, kuma kowa ya san abin da rufin kwano ke yi a watan Maris.

Bari mu yi lissafin misali, ba alƙaluman wani asibiti ba. A ce an gwada mutum 1,000 a inda 30 ne ke da antibodi na gaskiya, da faifan da ke kuskure sau 2 a cikin kowane mutum 100 marasa cutar. Zai kama kusan duka 30 ɗin. Amma cikin sauran 970 zai ɗora wa kimanin 19 abin da ba su da shi. An sami “reactive” 49 ke nan, rahoto ya ce kusan kashi 5. Cikin 30 na gaskiyar kuma, idan kashi 30 sun warke da kansu, saura 21. To, 49 aka tsorata, 21 ne ke buƙatar magani. Duk rahoton da bai faɗi wane gwaji aka yi ba, a riƙe shi da hannu biyu a ajiye gefe.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na ƙwayar kanta, wanda ake kira PCR ko awon yawan ƙwayar cuta. Ana ɗibar jini daga jijiya, a kai inda ake da na'urar. Injin GeneXpert da asibitoci da dama ke gwajin tarin fuka da shi yana iya yin wannan ma, idan an samar da kwanson gwajinsa, kuma sakamako na fita cikin kamar awa biyu. Matsalar ita ce kuɗi. PCR ya ninka faifan tsada sau da yawa, kuma galibi daga aljihu ake biya. A wannan gaɓar ce mutane suka fi zubewa. Wani ya tafi da tsoron cutar da ba shi da ita, har a fasa aurensa. Wani kuma yana da ita ya ce ai lafiyata lau, ya dawo bayan shekara 20 da ciki kamar tulu.

Domin haka cutar take, mai cin ƙasa-ƙasa. Kusan kashi 80 na sababbin kamuwa ba sa jin komai. Waɗanda ta zauna musu, tsakanin kashi 15 zuwa 30 hantarsu za ta cika da tabo ta ƙandare cikin shekara 20, daga nan sai ruwa a ciki, aman jini, rikicewar hankali, ko sankarar hanta. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum miliyan 50 ke ɗauke da ita a duniya, kimanin 242,000 kuma suka mutu a shekarar. Masu jiran su ga shawara kafin su yarda suna da ciwon hanta, lokacin da ido zai canza launi sau da yawa aikin gama ya gama.

Yadda wurin neman lafiya ke zama hanyar kamuwa

Ta jini take bi. Ba ta bin cin tuwo a kwano ɗaya, ko buta, ko musabaha, ko cizon sauro, ko tari. Tsakanin miji da mata ma yaɗuwarta kaɗan ce ƙwarai, ba kamar nau'in B ba. Daga uwa zuwa jariri kimanin 5 ko 6 ne cikin 100, yana kusan ninkawa idan uwar tana da HIV da ba a danne ba. Babbar hanyarta a ƙasashe irin namu ita ce ƙarfe mai kaifi da ya taɓa jinin wani.

Masar ce darasin da duniya ba za ta manta ba. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 aka yi ta yi wa mutanen karkara allurar maganin tsargiya a jere, da sirinjin gilashi da ba a dafa shi yadda ya kamata ba. Binciken ƙasa na 2008 ya sami antibodi a kusan kashi 15 na manya. Niyya mai kyau ce, kayan aiki ne suka ci amana.

Abin da ke sa ƙwayar haɗari shi ne taurin ranta. Farfesa Elijah Paintsil, ɗan Ghana da a lokacin yake jami'ar Yale a Amurka, shi da abokan aikinsa sun nuna a ɗakin bincike cewa tana iya rayuwa har kwana 63 a cikin wasu sirinjoji, kuma ɗigon jinin da ya bushe a kan tebur yana iya harbin wani har tsawon mako shida. Ɗigon da ido ba ya gani ma ya isa.

A duba yadda abin ke faruwa a ɗakin allura mai cunkoso. Ga kwalbar magani mai murfin roba wadda ake zuƙa daga cikinta sau da yawa, kamar maganin kashe zafi na ɗinki ko na hana jini daskarewa. An yi wa majinyaci na farko allura, ana buƙatar ƙari. Mai allurar ya cire tsinken ya sa sabo, amma sirinjin nan dai shi ne, ya sake soka kwalbar. Shi a ganinsa ya yi tsabta. Alhali lokacin da aka zare allurar daga jiki, ɗan jini ya riga ya koma bakin sirinjin, yanzu kuma ya shiga kwalbar. Duk wanda za a zuƙa wa daga ita bayan nan, ko da sabon sirinji fil daga leda, ya shiga layi. Haka ledar ruwan gishiri guda da ake ɗiba ana wanke wa majinyata da yawa bututun hannu, haka abin soka yatsa na awon suga da ake zagayawa da shi gado-gado. Ƙa'idar ba ta da wuya: tsinke ɗaya, sirinji ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya, kuma kwalbar da aka buɗe a gefen gadon wani ta zama tasa.

A ɗakin wankin ƙoda, ba cikin injin ba ne matsalar ta fi yawa, a bayansa ne: maɓallan da aka taɓa da safar hannu mai jini, tiren magani da ke yawo tsakanin kujeru, gaggawar sauke wani a ɗora wani kafin a goge wurin. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce a gwada mai wankin ƙoda ranar da ya fara, a kuma maimaita duk wata shida. Mai nau'in B ana ware masa inji. Mai C ba a buƙatar ware shi idan ana bin tsabta, abin da ake so shi ne a yi masa magani ya warke.

Ƙarin jini fa? Hukumar jini ta ƙasa tana tace kowace leda daga HIV da B da C da tunjere. Amma akwai tazara. Ƙwayar tana bayyana a jini cikin mako ɗaya zuwa biyu da kamuwa, antibodi kuwa sai bayan mako 8 zuwa 11. Wanda ya ba da jini a wannan tsakanin zai wuce gwajin antibodi salin-alin. Haɗarin ya fi yawa idan aka ɗauko ɗan kasuwar jini daga bakin ƙofa aka ce ɗan'uwa ne, domin shi ba zai faɗi gaskiya a tambayoyin ba. Duk mai sikila da ya girma yana karɓar jini ya cancanci a gwada shi ko bai nuna alamar komai ba. Kumasi ta fara gwajin sikila ga jarirai a 1995 ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, yaran farko na wannan shirin yanzu magidanta ne.

Ma'aikacin da allura ta soke shi ya wanke wurin da sabulu da ruwa, kada ya matse, ya kai rahoto a ranar. Haɗarin kamuwa da C daga suka ɗaya bai kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma babu maganin kariya da ake sha nan take kamar na HIV. Ana gwajin farko cikin kwana biyu, PCR a mako na 3 zuwa 6, antibodi a wata na 4 zuwa 6.

Sai wanzami. Ba za a ce a daina kaciya ko askin suna ba, kuma wanzamai da yawa a Zongo sun riga sun koma sabuwar reza ga kowane yaro. Inda saura yake shi ne kayan da ba a yarwa: aska, almakashi, ƙahon da ake tsotsar jini da shi, ƙarfen cire belu, da na masu yankan farce da ke zagaya kasuwa da bakin masallaci. Goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwan Dettol ba ya wadatarwa. A fara wanke jinin da sabulu da buroshi, domin busasshen jini yana kare ƙwayar. Sannan a dafa cikin ruwan da ya rufe kayan, minti 20 daga lokacin da ya fara tafasa, ba daga lokacin da aka ɗora tukunya ba. Don goge tebur ko tabarmar roba, ruwan bilic mai ƙarfin kashi 5 ana haɗa awo 1 da ruwa awo 9, mai kashi 3.5 kuma awo 1 da ruwa awo 6, a bar shi minti 10, a haɗa sabo kullum. Ranar da aka jera yara biyar don kaciya, uba yana da haƙƙin ya ce, “Baba wanzam, ga reza na zo da ita, a buɗe a gabana.” Haka nan mai zuwa kemis ya ce a yi masa allura don ta fi ƙwaya saurin aiki, ya sani yawancin waɗannan alluran ba a buƙatarsu tun farko.

Idan PCR ya tabbatar

Labari mai daɗi shi ne C ana warkewa daga ita sarai, saɓanin B da ake dannewa kawai. B tana da rigakafi, yaran Ghana suna samunsa cikin allurar jarirai tun 2002. C ba ta da rigakafi, amma tana da magani. A da allurar interferon ake yi duk mako har wata 6 zuwa 12, da zazzaɓi da kasala, kuma da yawa ba sa warkewa. A Disambar 2013 Amurka ta amince da sofosbuvir, a farashin dala 84,000 na mako 12, dala dubu kowace ƙwaya. Yau kamfanonin Indiya da Masar suna yin irinsa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta. Masar ta gwada mutum sama da miliyan 50 a gangamin 2018 zuwa 2019, a Oktoban 2023 kuma ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba matakin zinare a hanyar kawar da cutar. A 2023 ɗin ne aka fara shirin STOP Hep C a Ghana da magungunan da Masar ta bayar kyauta, bisa alƙawarin yi wa mutum 50,000 magani. Wanda PCR ɗinsa ya tabbatar ya tambayi likitan hanta game da wannan shirin kafin ya sayar da kadara.

Kafin ƙwaya ta farko likita zai so ya san abu huɗu: halin hanta, halin ƙoda, ko akwai B ko HIV, da kuma duk abin da mutum ke sha. Halin hanta ba sai an yanko tsoka ba. Akwai lissafin APRI da ake yi da awo biyu masu araha. A raba AST, wato awon wani sinadarin hanta a jini, da iyakarsa ta lafiya, a raba abin da ya fito da yawan ƙwayoyin daskarar da jini, a ninka da 100. Misali AST 96, iyaka 40, ya ba da 2.4. Ƙwayoyin daskarar da jini 110. Sakamako kusan 2.2. Abin da ya haura 2 alama ce mai ƙarfi ta cewa hanta ta ƙandare. Inda akwai FibroScan, na'urar auna taurin hanta, awon da ya wuce 12.5 haka yake nufi.

Wanda hantarsa ba ta ƙandare ba, sofosbuvir miligiram 400 da daclatasvir 60, sau ɗaya a rana, mako 12. Ko sofosbuvir da velpatasvir a ƙwaya guda, mako 12. Ko glecaprevir da pibrentasvir, ƙwaya uku a tare da abinci, mako 8. Duka suna aiki a kan kowane nau'i, don haka ba dole ne a kashe kuɗin gano lambar nau'in ba. Sama da kashi 95 suna warkewa. Mai ƙandararriyar hanta ana iya kai shi mako 24 a kan haɗin farko. Wanda ruwa ya riga ya taru masa a ciki ko ya taɓa aman jini, haɗin glecaprevir haramun ne gare shi, kuma jinyarsa ta ƙwararre ce.

Inda ake samun tangarɗa kusan kullum wuri ɗaya ne: abin da majinyaci bai faɗa ba. Rifampicin na tarin fuka yana sa jiki ya ƙone maganin kafin ya yi aiki, don haka a gama na tarin tukuna. Magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin da phenobarbital haka suke yi. Amiodarone na bugun zuciya idan ya haɗu da sofosbuvir yana iya rage bugun har a suma. Cikin masu shan maganin HIV, mai efavirenz ana ɗaga masa daclatasvir zuwa 90, mai atazanavir da ritonavir a sauke zuwa 30, mai dolutegravir ba a taɓa komai. Omeprazole, da mutane ke sha kamar gyaɗa da sunan olsa, yana hana velpatasvir narkewa. Mafi haɗari shi ne B da ke kwance. Idan aka kore C, B takan farka da ƙarfi har ta kayar da hanta, shi ya sa mai duka biyun ake yawan haɗa masa da tenofovir, maganin danne B, a kuma riƙa bibiyar awonsa. A ƙasar da B ta fi C yawa nesa ba kusa ba, tsallake wannan gwajin ganganci ne. Idan an ƙara ribavirin, wani maganin da akan haɗa wa wasu majinyata, mace ba za ta ɗauki ciki ba, namiji ma ba zai yi wa matarsa ciki ba, har aƙalla wata shida bayan gamawa, domin yana lahanta ɗan tayi.

Sai halinmu na yau da kullum. Mutum ya sha kwalba ɗaya ta kwana 28, ya ji garau, ya bar sauran biyun ko ya ba wani ɗan'uwa. Wani ya haɗa da jiƙon shawara da bitas na cikin mota, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba, hantar da ake lallaɓawa ta ƙara shan wuya. Giya kuwa, ko akpeteshie ko ta kwalba, tana gaggauta tabon. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da dafin aflatoksin mai ƙara haɗarin sankara. Mai ƙandararriyar hanta kada ya wuce giram 2 na parasitamol a rana, ya kuma nisanci diclofenac da ibuprofen. Azumi ba ya hana jinya, tunda sau ɗaya ake sha: a tsayar da sahur ko buɗa-baki a riƙe shi. Wanda hantarsa ta raunana sosai dai ya tambayi likita kafin ya ɗauki azumin.

Mai ciki ana jira ta haihu kafin a fara. Tana iya shayarwa, sai dai idan kan nono ya tsage yana jini, ta dakata da wannan ɓangaren har ya warke. Jaririn ba a yi masa gwajin antibodi kafin wata 18, domin na uwarsa ne za a gani. Idan ana son sani da wuri, PCR daga wata biyu. Yaron da ya kamu ana iya yi masa magani daga shekara uku.

Ba a cewa an warke ranar da ƙwayar magani ta ƙare. Sai an ƙirga mako 12 bayan ta ƙarshe an sake PCR, idan ba a ga komai ba to an rabu. A ajiye wannan takardar da kyau, domin faifan yatsa zai ci gaba da nuna layi biyu har abada, kuma duk asibitin da aka je za a iya sake rubuta “reactive”. Saboda wannan ne ɗakin jini ba zai karɓi jinin wanda ya warke ba. Antibodin kuma ba ya kare shi, aska ɗaya marar tsabta tana iya dawo da cutar sabuwa. Wanda hantarsa ta riga ta ƙandare kafin magani zai ci gaba da hoton ciki duk wata shida, sau da yawa tare da awon AFP, wani gwajin jini na neman alamar sankarar hanta, ko da ƙwayar ta tafi.